Kullen da Na Manta a Kan Taswirar Miskine

Da can, idan mutum biyu suna son gyara fayil ɗaya, ɗaya ne yake aiki, ɗayan ya je ya sha shayi. Yanzu mutum goma suna iya taɓa shi a lokaci guda, wani a Bangui, wani a Yamai, wani a cikin mota a hanyar Bouar, kowa da cikakken kwafin aikin a kwamfutarsa, daga baya a haɗa. Matasan da suke shigowa shagona a Titin Koudoukou da jakar kwamfuta a baya haka suka tarar da abin, shi ya sa suke ganin babu wata sana'a a cikinsa. Kwanan baya wani ya ce mini, da Sango, don Hausarsa ba ta kai shi nisa: "Baba, ai umarni uku ne kawai. Ka jawo, ka ajiye, ka tura." Na ce masa gaskiya ne, kamiyo ma, babbar motar kaya, feda uku gare ta, amma ba kowa ake sakar wa hanyar Garoua-Boulaï ba. Saboda shi da ire-irensa nake wannan rubutu.

A Douala na koyi aiki, a wani ofishin masu zanen hanyoyi da magudanun ruwa. Tafinta aka ɗauke ni, don suna da ayyuka a arewa, ni kuma ina jin Fulatanci da Larabci. Maigidan, wani dattijo da muke kira Mesye Ndumbe, ya lura ina yawan tsayawa a bayan masu zane, sai wata rana ya jawo kujera ya ce in zauna. Abin da ya fara nuna mini allo ne a bango, da ƙusoshi a jere, kowace ƙusa da sunan fayil a ƙarƙashinta da ɗan katako rataye. Wanda zai gyara fayil sai ya cire katakon ya ɗora a teburinsa, kuma muddin katako ba ya kan ƙusa, babu mai buɗe fayil ɗin sai don kallo. Idan ka gama ba za ka rataye shi ba sai ka rubuta a littafin da ke ƙarƙashin allon abin da ka canja da dalilin canjawa. Ranar farko na rubuta kalma ɗaya: gyara. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce: "Gyaran me? Wa ya ɓata? Idan ka mutu gobe, wa zan tambaya?" Sau huɗu na sake rubutun kafin ya karɓi katakonsa.

Daga baya aka kawo manhajar da take yin aikin allon da kanta. Babbar kwamfuta ɗaya ce a ɗakin sanyi take riƙe da komai. Ka nemi fayil, ta kulle shi da sunanka. Ka gama, ka mayar, ta buɗe. Na yi aiki da irinta a N'Djamena da Jidda, na kuma ga yadda ake yi da ita a Kano. Na'urar ɗaya ce, halin mutane ne ya bambanta. A Jidda idan ka daɗe da kulle babu mai yi maka magana, takarda ce za ta sauko maka daga sama. A N'Djamena a gaban kowa za a ƙwala maka kira. A Kano mai jira zai zo ya zauna a bakin teburinka, ya yi ta jan ka da hira har ka gaji ka sakar masa. Da na dawo gida na buɗe nawa shagon a unguwar Kilomita Biyar da ke Bangui, na ga mutanenmu jira suke yi. Su yi shiru, su jira. Na lura da haka, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Abokin aikina tun farko Firmin ne, Kirista ɗan unguwar Miskine, wanda ya karanci awon ƙasa. Ita yake kira na, wato ɗan'uwa da Sango, ni ma haka nake kiransa. Masu kawo mana aiki su ne makarantu masu son jerin ɗalibai, da shagunan magani, da 'yan kasuwa daga Maraɗi da Kano waɗanda suke zuwa na ɗan lokaci, su kawo aiki da safe su ce jiya suke son sa.

A shekarar da gari ya lalace da rikicin Musulmi da Kirista, lokacin da ɗan Kilomita Biyar ba ya iya ƙetare unguwar Yakité, Firmin kuma ba ya iya shigowa, babbar kwamfutarmu tana cikin shago. Aka fasa ƙofa da rana tsaka aka tafi da ita. Ba na jin wanda ya ɗauke ta ya san abin da ya ɗauka. Duk abin da muka yi tun buɗe shagon yana cikinta, ba abin da ya rage sai 'yan fayilolin da kowannenmu ya ɗauko a ranar ƙarshe, ba tarihi. Da aka fara fitowa, wata makaranta ta aiko neman jerin ɗalibanta na shekarun baya, don yaran da takardunsu suka ƙone su samu abin nunawa. Na ce musu babu. Wasu ma sun zo bayansu, amsar ke nan.

Tun daga nan na ce ba za mu sake tara komai a wuri ɗaya ba, muka koma tsarin da ake kira Git. Ga yadda nake faɗa wa sababbi. Rumbu shi ne aikin gaba ɗaya da tarihinsa, kowa yana da cikakken nasa. Ajiya, wadda masu sana'ar suke ce wa komit, ita ce ka tsayar da aikin a wani matsayi, ka sa sunanka, ka rubuta abin da ka canja da dalili. Kowace ajiya tana da doguwar lamba da na'ura take lissafowa daga abin da ke cikinta da ajiyar da ta gabace ta, don haka idan wani ya koma baya ya taɓa harafi ɗaya, lambar za ta canja. Reshe kuma shi ne ka ware hanyarka, ka yi ta ajiya a gefe ba tare da ka taɓa aikin kowa ba, har lokacin haɗawa. Idan kuran, wato wutar lantarki, ya tafi, ko rezo, wato layin sadarwa, ya yanke, aiki bai tsaya ba. Sau da yawa mai moto ne yake kai mana rumbu daga unguwa zuwa unguwa, a kan kle, ɗan abin adana fayil ɗin nan da ake soka wa kwamfuta, wanda bai kai ɗan yatsa ba.

Inda masu umarni uku suke faɗuwa shi ne nan. Rubutu yana haɗuwa: idan na gyara layi na goma, kai ka gyara na hamsin, na'ura za ta haɗa ba ta tambayi kowa ba. Idan layi ɗaya muka taɓa, sai ta tsaya ta ce an yi karo, mutum ya zaɓa. Amma hoto da zane da irin taswirar da muke yi dunƙule ɗaya ne, ba su haɗuwa. Mutum biyu suka gyara, dole a ɗauki na ɗaya gaba ɗaya a bar na ɗayan. Shi ya sa kulle bai mutu ba. Muka sa wata ƙaramar kwamfuta a shago, sola ke riƙe da ita, muka ƙara mata abin da yake kulle irin waɗannan fayiloli da sunan mai gyara. Akwai umarnin fasa kullen wani idan ta kama dole, kuma kowa a shagon ya san shi.

A wannan lokacin ne Rakiya ta shigo, 'yar wani abokina marigayi ɗan Yakité. Ta gama karatun kwamfuta, tana da aure da 'ya'ya biyu, kuma tun a shekararta ta farko hannunta ya fi nawa sauri. Ni na koya mata rubuta bayanin ajiya yadda aka koya mini, ba ta kuma taɓa sa ni maimaitawa ba.

Aikin da nake son ku ji shi ne taswirar wani layi a Miskine. Mutanen layin, Musulmi da Kirista, sun fara komawa, suka tarar babu gida ko ɗaya a tsaye. An kwashe kwano, an kwashe ƙofofi, har bulo an kwashe, ciyawa ta fi mutum tsawo, takardun filaye kuma yawancinsu sun ƙone. Suka haɗa kai, da yardar mai unguwa, wanda a nan mokonzi muke ce masa, suka ce a auna filin kowa a gaban maƙwabtansa, a ba shi lamba, a buga taswira a manna a bangon gidan mokonzi har mako guda. Idan babu mai ƙorafi, dattawa su sa hannu. Ba takardar gwamnati ba ce, amma kowa ya yarda ita magini zai bi. Na sa sharaɗi ɗaya: duk Juma'a Firmin zai kai wa mokonzi kle mai ɗauke da rumbun aikin gaba ɗaya, ya kulle a durowarsa, ya ba mu na makon jiya.

Muka raba aiki. Firmin yana awo, Rakiya tana rubuta maganar shaidu tana zana filayen da aka auna, ni kuma ina fitar da iyakoki daga wani tsohon hoton unguwar da aka ɗauka daga sama kafin ɓarna. Wata Laraba na kulle taswirar don in zana yankin rijiya. A hoton na ga dogon rufi ɗaya kusa da rijiyar, na zagaye shi da layi, na ba shi lamba ashirin da bakwai. Na san gidan na mahaifin wani ɗan kasuwa ne mai suna Alhaji Ɗahiru, na sa sunan magajin. Na yi ajiya a kwamfutata, ban tura ba, don ban gama ba.

Washegari aka aiko mini cewa baturan solarmu sun iso kan iyaka, a Garoua-Boulaï, sai na je da kaina. Na ɗauki kwamfutata na hau mota da nufin kwana huɗu. Damina ce. Wata gada ta zauna, ayarin manyan motoci ya tsaya, da aka gyara kuma aka koma jiran rakiyar sojoji. Kwana goma sha tara na yi. Duk tsawon kwanakin nan taswirar tana kulle a shago da sunana, ni kuwa ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba.

Abin da ya faru a bayana Firmin ne ya ba ni labari. Sun auno filaye, Rakiya ta zo zanawa, ta tarar da kulle.

"Fasa shi mana," in ji Firmin. "Umarni ɗaya ne."

"Kullen Baba? Ni?"

"To ni in fasa."

"Wallahi ba a gabana ba. Ƙila yana kan aiki a can."

"A cikin taɓo? To kira shi ki tambaya."

Ta kira sau biyu ba ta same ni ba. A na uku ta same ni, kuma ina tune da kiran. Ta gaishe ni, ta tambayi hanya, ta tambayi ruwa, ta tambayi gwiwata, ta ce mijinta yana gaishe ni, yara ma suna gaishe ni. Ina cikin amsawa rezo ya yanke. Na mayar da waya aljihu, na ce wa direban da ke kusa da ni Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, akwai zumunci.

Da ta ga haka sai ta yi abin da ya rage mata. Ta ware reshe, ta buɗe kwafin taswirar a kwamfutarta, ta zana filaye goma sha ɗaya, kowane fili da ajiyarsa da cikakken bayani. Firmin kuma yana ta kai wa mokonzi kle duk Juma'a, reshen nata yana ciki.

Na dawo, na tura aikina, na buɗe kulle. Rakiya ta zo haɗawa, na'ura ta ce an yi karo: taswirata ko tata, a zaɓi ɗaya. Ta ɗauki tawa, ta zauna ta sake zana filayenta a kai. Goma sun faɗa a wuraren da ban taɓa ba, ba matsala. Na goma sha ɗaya na wata tsohuwa ne mai suna Iya Hajara, mai soya makala, wato fanke, a bakin kasuwa, wadda tun da aka kore su take raɓe a ɗakin wani ɗan'uwanta a Kilomita Biyar. Filinta ya faɗo cikin lamba ashirin da bakwai. Kafin a zana shi, sai an yanke layin da na ja.

Ta taso ta tsaya a gefen teburina. "Baba, wajen rijiyar nan, ka duba shi da kyau kuwa?"

Ina fama da wayoyin baturi a lokacin. Na ce: "Na duba. Hoton a fili yake."

"To, Baba."

Ta koma ta zauna. Aka buga taswira, ranar Asabar aka manna ta a bangon mokonzi. Asabar mai zuwa za a sa hannu.

Ranar Alhamis da hantsi wata tsohuwa ta shigo shago, zanenta duk ƙanshin mai. Ba ta zauna ba, ko da na nuna mata kujera.

"Kai ne Malam Sale da aka ce ya zaga duniya?"

"Ni ne, Iya. Sannu da zuwa."

"To ka zaga ka dawo ka shafe ni. Kowa a layinmu an ba shi lamba. Ni na tsaya a gaban takardar nan har rana ta take, ban iya karatu ba, na sa an karanta mini sau uku. Babu ni. Jiya kuma Ɗahiru ya sauke bulo a kan ɗakina, a kan wurin da na haifi 'ya'ya shida."

"Iya, an auna naki kuwa?"

"Tambayi wannan." Ta nuna Rakiya da haɓa. "Da hannunta ta riƙe igiya. Har makala na ba ta, ta ce na gode."

Na juya. Rakiya ta sunkuyar da kai. Ban tambaye ta komai ba a gaban baƙuwa, na buɗe tarihin rumbu. Reshenta yana nan, ajiya goma sha ɗaya a jere. Na buɗe ta ƙarshe. Da Faransanci ta rubuta, ga ma'anarsa: "Filin Iya Hajara, gabas da rijiya, faɗi mita tara, tsawo sha huɗu. Shaida tsoho Matiyu, maƙwabcinsu. Rufin gidanta a haɗe yake da na mahaifin Alhaji Ɗahiru, don haka daga sama za a ga kamar gida ɗaya ne, amma akwai bango tsakani. Firmin ya tona taku huɗu gabas da bakin rijiya ya samu tushensa, mun mayar da ƙasa."

Na karanta sau biyu. Har kuskuren da zan yi ta rubuta, tun kafin ta ga na yi shi.

Na ce wa Iya Hajara ta je gida, gobe da safe mu haɗu a gidan mokonzi. Ta ce: "Gida wane?" Ta fita.

"Rakiya, me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa, Baba."

"Tambayata kika yi."

"To ai faɗar ke nan. Da ka ce ka duba, sai na ce ƙila dattawa sun gaya maka wani abu da mu ba mu sani ba. Kuma layin naka ne, da sunanka a kai. Ni ce zan goge?"

Firmin, da yake ta saurare daga bakin ƙofa, ya kwashe da dariya. Shi ma bai san an bar filin a waje ba, don aikinsa a awo yake ƙarewa. "Ita," ya ce, "shekara nawa kana gaya mini halin mutanen Jidda da na Kano? Ga na cikin shagonka."

Gyara taswira aikin minti goma ne. Abin da ba na minti goma ba shi ne an riga an manna ta, mutum ya gani, ya sauke bulo. Tsoho Matiyu, shaida ɗaya tilo, 'ya'yansa sun tafi da shi ƙauye ba lafiya. Idan Asabar ta yi ba a warware ba, dattawa za su sa hannu a kan abin da ke bango.

Juma'a da safe muka zauna a ƙarƙashin mangwaron gidan mokonzi. Da Sango aka yi maganar, don kowa ya ji. Na faɗi abin da ya faru ba ragi: ni na zana kuskure, ni na bar kulle, ni aka tambaya ban saurara ba. Alhaji Ɗahiru mutum ne mai kamala, amma ranar ransa a ɓace yake.

"Malam, da girmanka. Takarda ta kwana shida a bango. Tsohuwa ta je ta yi muku kuka, sai yanzu na'ura ta tuna? Wa ya ce ba jiya kuka rubuta wannan ba?"

Mokonzi ya dube ni. "Me ka ce? Ni abin da na sani, abin da ke cikin akwatin nan naku, yadda ake rubuta shi haka ake goge shi."

Na ce Alhaji yana da gaskiya. Kwanan watan da ke kan ajiya ba hujja ba ne, duk wanda ya mayar da agogon kwamfutarsa baya zai iya sa ranar da yake so. Kada su yarda da kwamfutata, kada su yarda da ta Rakiya. Na tambayi mokonzi yaushe rabon da a buɗe durowarsa.

"Tun Juma'ar da ta wuce, da wannan ya kawo mini ɗan abinsa. Makullin yana wuyana."

"Kafin a manna takarda ke nan."

"Da kwana ɗaya."

Ya shiga ya ɗauko kle ɗin, yana riƙe da shi da yatsa biyu. Ya ce shi duk zatonsa wata al'ada ce ta masu ilimi, kamar yadda ake kai wa babba goro. Muka sa shi a kwamfutar Firmin, na ce Alhaji Ɗahiru ya zauna ya buɗe da hannunsa, yana jin Faransanci. Ya karanta bayanin Rakiya a bayyane. Sannan na sa ya karanto doguwar lambar ajiyar harafi bayan harafi, mokonzi yana bin ta da yatsa a fuskar tawa kwamfutar. Ba su saɓa ko a wuri ɗaya ba.

Alhaji ya ture kujera baya. "Na yarda ba jiya aka rubuta ba. Amma rubutu dai rubutu ne. Ita ma tana iya yin kuskure, kamar yadda kai ka yi."

"Tana iyawa," na ce.

"To a ɗauko diga," in ji mokonzi. "Ai ta faɗi wurin."

Muka ɗunguma zuwa rijiya, mutanen layi suna biye. Firmin ya tsaya a bakinta ya fuskanci gabas ya yi taku huɗu, na huɗun ya ƙare a jikin tarin bulo. Aka tsaya, don babu mai son taɓa kayan wani. Alhaji Ɗahiru ya cire babbar riga ya miƙa wa na kusa da shi, ya fara ɗauke bulon da kansa. Da aka ga haka sai maza suka kama masa. Firmin ya sara ƙasa sau biyar ko shida, diga ta yi ƙara. Aka share da hannu. Duwatsu ne a jere da siminti, sun miƙe kudu da arewa.

Alhaji ya daɗe a tsugune yana kallonsu. Sannan ya juya wajen tsohuwar, ya koma Hausa.

"Iya, ki yafe mini. Ina ƙarami aka kai ni Garoua. Ban san akwai bango a nan ba."

"Akwai," in ji ta. "Ta kansa uwarka take miƙo mini gishiri."

A ranar Rakiya ta yanke layina, ina tsaye a kanta. Aka ba filin lamba, aka sake bugawa, mokonzi ya ƙara kwana uku don kowa ya gani, dattawa suka sa hannu.

Da muka koma shago na ɗauki alli na rubuta a bango cewa duk kullen da ya wuce kwana biyu, kowa yana da izinin fasa shi. Rakiya ta karanta, ta ce: "Baba, ko da ruwan zinariya ka rubuta, hannuna ba zai yi ba. In na Firmin ne ƙila. Naka, a'a."

"Ko na ce na yafe?"

"Ko ka ce ka yafe. Uwata ma in ta ji, sai ta tambaye ni wa ya raine ni."

Na share rubutun. Wannan shi ne abin da babu littafin da ya koya mini: dokar da sai mutum ya canja tarbiyyarsa kafin ya bi ta, ba za a bi ta ba, kuma ranar da aka fi buƙatarta za ta ba ka kunya. Na tambaye ta ita me take gani. Ta ce a bar na'ura ta yi rashin kunyar, tunda ba ta da uwa. Ita ta rubuta ɗan shirin da yake buɗe kowane kulle da ƙarfe biyar na yamma, ko na wane ne. Wanda bai tura aikinsa kafin lokacin ba, shi zai sake zana nasa a kan na wanda ya tura, ko yana da furfura. Muka ƙara ɗaya: idan an yi karo tsakanin babba da ƙarami, babban ne zai taso ya zo teburin ƙaramin, ya karanta bayanin ajiyarsa a bayyane kafin a zaɓi komai. Ba a jiran ƙarami ya kawo ƙara, don ba zai kawo ba.

Ga masu koyo, abin da zan ce bai da yawa. Kada ka kulle abin da yake haɗuwa. Abin da ba ya haɗuwa, ka kulle shi da safe, ka tura abin da ka samu kafin ka tashi, ko bai yi kyau ba. Ka rubuta bayanin ajiya yadda mutumin da bai taɓa ganinka ba zai ɗauki diga ya je wurin. Ka san wanda yake jiranka, ka san kuma ko shi mai magana ne.

Iya Hajara ta gina ɗaki ɗaya da rumfa, bangonta na yamma a kan tsohon tushen yake. A shagonmu kuwa, tun daga wancan mako babu kullen da ya sake wuce ƙarfe biyar, nawa ko na wani. Rakiya ce take haɗa taswira yanzu. Ta yanke layina sau da yawa tun lokacin, ba ta zuwa ta tambaye ni ko na duba da kyau. A tarihi nake ganin abin da ta yi, da dalilinta a rubuce.